Faifan da Ya Tona Asirin Fergus

Muna shagon Moira a Glasgow, jarumar da ta buga mana faifai bayan kowa ya ƙi, sai rediyo ya sa waƙarmu karon farko. Mawaƙinmu Fergus da ihu da sauri yake rera waƙa, ko uwarsa ba ta gane kalmominsa. Mai shirin ya yi kuskure, ya sa faifan yana juyawa a hankali. Murya ta fito kamar ta bijimi: "Moira, ki aure ni."

Fergus ya ƙura wa takalminsa ido.

Moira ta ce, "Sakarai, ashe saƙona nake ta sayar wa mutane?"

"Tsoronki nake."

Ta kashe rediyon, tana danne murmushi.

"Maimaita da bakinka. Kai kuma mai ganga, fita."

Na fita. Ni na yi kiɗan bikin, a hankali.