Manomin Albasa Tsakanin Layi Biyu

Tunda ka tambaye ni wa za ka bi a wannan takara, ni ba zan zaɓa maka ba. Amma gyara zama ka ji abin da ya sami wani mutum.

Manomin albasa ne a wani ƙauye da ke bakin madatsar ruwa, mai gudun zuciyar jama'a, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Wannan hali ne ya sa da jam'iyyarsu ta tashi zaɓen shugabanta na ƙasa, 'yan mazaɓarsa suka ce shi zai wakilce su a babban taro. Murnarsa ko kwana biyu ba ta yi ba. 'Yan takara biyu ne, gwamna yana bayan ɗaya, sanatan yankin yana bayan ɗayan. Fadamar da manomin ke nomawa ta ƙaramar hukuma ce, duk shekara ake sabunta masa takarda, shugaban ƙaramar hukumar kuwa ɗan gaban goshin gwamna ne. Motocin da ke kai albasarsa kudu kuma suna hannun sarkin tasha, wanda ba shi da ubangida sai sanata.

Ran Talata shugaban ƙaramar hukuma ya aika a kira shi. Ya tambaye shi lafiyar iyali, ya tambayi yaushe takardar fadama za ta ƙare, sannan ya miƙo masa hula mai hoton ɗan takarar gwamna. Ya karɓa da hannu bibbiyu, ya rantse yana tare da su. Ran Alhamis sarkin tasha ya same shi har gona, ya daɗe yana kallon albasa, ya ce, "Wannan kaya ba ya son jiran mota, malam." Shi ma ya bar masa hula, shi ma ya tafi da rantsuwa.

Daga ranar ko ƙarar babur ya ji a ƙofar gida sai gabansa ya faɗi. Matarsa ta ce ya kwanta ya ce zazzaɓi ne, ya ce in bai je ba dukansu za su ce guje musu ya yi. Abu ɗaya ya riƙe ya kwantar da ransa: ƙuri'a a asirce za a kaɗa, akwati kuwa ba shi da baki.

A motar mutanen gwamna ya tafi birni, hular sanata a ninke cikin aljihu, duk sanda wani ya matso kusa sai ya dafe wurin. Filin taro ya cika maƙil, 'yan sanda sun zagaye shi. Da hantsi rigima ta tashi, ɓangare guda ya ce an shigo da takardun ƙuri'a na jabu, kujeru suka fara yawo a sama. Bayan azahar aka sanar a lasifika cewa an fasa zaɓe da akwati, ƙato bayan ƙato za a yi: kowa ya tsaya a layi bayan hoton wanda yake so, a ƙirga kawuna a gaban kowa.

Manomin ya sulale ya nufi wurin alwala, ya wanke hannu, ya sake wankewa, har masu tsaro suka koro shi fili. Layi biyu sun miƙe, tsakaninsu fili fetal, babu ko inuwar da mutum zai raɓa. Ya taka zuwa layin gwamna, sai suka haɗa ido da sarkin tasha, wanda ya harɗe hannuwa yana kallonsa. Ƙafarsa ta juya da kanta. Ya yi rabin hanya zuwa layin sanata, sai ya ji muryar shugaban ƙaramar hukuma tana kiran sunan ƙauyensu. Ya tsaya cik. Gumi ya jiƙe masa riga, ya sa hannu a aljihu don ya share fuska, abin da ya fito da shi hular sanata ce, ta gwamna kuma tana kansa. Masu ƙirga suka wuce ta damansa, suka wuce ta hagunsa, babu wanda ya lissafa shi, kuma babu wanda bai gan shi ba.

Ɗan takarar gwamna ya ci da rata mai yawa, ko da an ƙirga manomin ba zai canza komai ba. Da aka tashi, mutanen gwamna suka ce motarsu ta cika, mutanen sanata ko amsa sallamarsa ba su yi ba. A bayan motar siminti ya dawo gida.

Kafin sati ya zagayo gwamna da sanata sun shirya, an ji su a rediyo suna kiran juna 'yan'uwa. A ƙauye kuwa ba a manta ba. Wani maƙwabcinsa da ya tsaya a layin da ya faɗi an ƙwace masa fadama, amma mutanen sanata suka sama masa wata a ƙetaren ruwa. Shi manomin namu kuwa, albasarsa ta yi kwana goma sha biyu a tasha ana ce masa babu mota, har ta yi ruwa, wari ya sa aka zubar da ita a rami. Da damina ta wuce ya je sabunta takarda, ya tarar wani ya riga ya yi kunyoyin shuka a gonarsa. Ya rasa ƙofar da zai je ya kai kuka, domin kowace ya tunkara akwai rantsuwarsa a ciki.

Ka je ka yi shawara da zuciyarka, ka tsaya inda za ka iya ɗaga kai. Hausawa dai sun riga sun faɗa: taura biyu ba ta taunuwa.