Lemon da Aka Hana Ruwa

Sabi'u, tun da aka ce an tura abokin aikinka waje kake ta cika kana batsewa, ko gaisuwa ba ka amsawa da kyau. To, matso kusa ka ji wannan.

An yi wasu masu lambu biyu da shinge ɗaya ya raba, kowa da itatuwansa na lemun tsami, da su yake ciyar da iyalinsa. Wata shekara, damina na ɗaukewa, ƙungiyar manoma ta zaɓi ɗayansu ya je wani birni a ƙasar Holan kallon baje kolin amfanin gona. Shi ma maƙwabcin ya nema bai samu ba, amma ya danne, har tasha ya yi rakiya yana ta zuba addu'a. Mai tafiyar ya damƙa masa makullin injin ban ruwa, ya ce ga amanar lambunsa nan, tafiyar ba za ta kai wata ba. Ashe can ma kaka ce, irin tasu da itatuwa ke canza launi kafin sanyi ya shigo. Sai ga hotuna suna ta faɗowa a waya. Mutumin da ko Kaduna bai taɓa wucewa ba, ga shi cikin ƙatuwar kwat ta aro a kan wata gada, kekuna na wucewa, titi ya rufe da ganye ja da rawaya, shi kuwa sai washe baki yake. A majalisa wayar ta riƙa yawo hannu zuwa hannu, ana ta "kai, Turai ke nan!" Maƙwabcin ya ji kamar ya haɗiyi garwashi. Ya ce wa mutane ganye ne fa ya mutu, mu nan in itace ya yi rawaya jaje ake yi wa mai shi. Mutane suka ci gaba da kallon hotunansu, abin ya ƙara cin ransa. A zuciyarsa ya ce tunda rawayan ganye yake so, bari ya dawo ya tarar da shi a gida. Ya rataye makulli a ƙusa, ya riƙa shayar da nasa safe da yamma, na amana kuwa ko ɗigo.

Mai tafiya ya dawo da tsarabar alewa, ya tarar ƙasa ta tsattsage, ganye ya yi yaushi ya nannaɗe, wani ma ya zube. Wallahi sai da ya yi hawaye, don ya ɗauka abincin 'ya'yansa ya tafi ke nan. Ya karɓi makullinsa ya sakar wa lambu ruwa. Abin da su biyun ba su sani ba, don tsoro bai taɓa barinsu su gwada ba, shi ne halin lemo: in ya sha ƙishi har ya hango mutuwa, sannan ya samu ruwa, fure yake ɓarkewa da shi. Lambun nan ya yi fari fat, ƙamshi har kan hanya. Lemonsa ya nuna a tsakiyar bazara, lokacin da lemo ke wuya a kasuwa. Na maƙwabcin kuwa, da ya ƙoshi da ruwa, ganye kore shar, 'ya'ya tsilla-tsilla. Motocin 'yan sari a ƙofarsa suke tsayawa su tambaye shi hanyar lambun maƙwabcinsa, da hannunsa yake nunawa. Ranar da aka gama tsinka, mutumin ya miƙo masa kwando guda cike ta saman shinge, ya ce, "Karɓi, maƙwabci, ai nomanka ne."

Don haka ka saki ranka ka je ka yi wa abokinka murna, Sabi'u. Hausawa sun daɗe da faɗa, hassada ga mai rabo taki ce.