Ragon Sunan da Ba a Yanka Ba

A garinmu yanzu kowa yana da ɗan dutse a kunne, mutum da dabba, har rijiya an rataya mata nata. In kore ne lafiya, in ya yi ja akwai cuta.

Ranar sunan 'yarmu, Tanko mahauci ya kayar da rago, ya zaro wuƙa, sai ya tsaya.

"Sallau, dutsen ragonka ya yi ja."

Ga jama'a cike da ƙofar gida. Baffana ya matso yana raɗa: "Kai Tanko, cire masa dutsen mana! Suna ba nama? So kake a yi da mu a gari?"

Tanko ya ce: "Baffa, mai jego za ta fara cin naman nan, jaririya kuma nononta take sha."

Na ruga ɗaki, domin matata Lantana ce ta yi kiwon ragon da hannunta. Na ɗage mayafinta: kore. Na duba kunnen 'yarmu: kore shar. Sai hawaye suka zubo mini.

Lantana ta yi dariya. "Maigida, wai ni na haihu ko kai?"

Da goro da dabino aka raɗa suna. Ragon kuwa, asibitin da aka haifi 'yar aka kai shi, domin yanzu asibiti ɗaya ke duba mutum da dabba.

Da yamma na je ɗebo mata ruwan wanka, bakina cike da hamdala. A rijiyar nan ragon yake sha. Dutsenta kore ne, amma na daɗe ina kallonsa kafin na zura guga.