Katakon Mahauci

Gyara zama, Tanimu, ka ji wani misali, tunda kai ma da an taɓa aikinka sai ka hau kumburi.

Akwai wani kafinta a bakin kasuwa, yana da injin fere katako, irin mai wuƙaƙe uku a jikin gangar ƙarfe mai juyawa. Ran nan ya kwance wuƙaƙen ya kai wa mai wasa wuƙa. Ka'ida ita ce in an mayar da su a ɗora rula a kan teburin injin, a juya gangar da hannu, a ga kowace wuƙa tana shafar rular daidai da 'yar'uwarta. Gogan naka sai ya kanne ido ɗaya, ya leƙa, ya ɗaure da sifana, wai shi shekara ashirin yana sana'a. Ashe wuƙa ɗaya ta ɗaga kai ta gefe guda, abin bai fi kaurin farce ba. Ana haka sai ga wani mahauci da katakon maɗaci mai kauri kamar katifa, mutum biyu ne suka kamo masa. Daga bishiyar gonar marigayi mahaifinsa aka tsago shi, yana so a goge fuskarsa ya yi teburin saran nama. Ya ja kunne cewa ba shi da wani, ya tafi.

Kafinta ya tada inji ya tura katako. Katako ya fito da gargada, gefe ɗaya kuma ya rame. Maƙwabcinsa, wani tsoho mai gyaran injin niƙa, ya leƙo ya ce, "Malam, injin nan ɗingishi yake. Wuƙa ɗaya ke ci, biyu suna kallo. Kashe ka gwada da rula." Kafinta ya ji haushi, a zatonsa tsohon hanya yake nema a kira shi gyara ya lashi wani abu. Ya ce masa ya je ya ji da barkonon mata. Ya juya katako ya tura, wancan gefen ma ya rame. Ya sake juyawa. Ya zagi maɗaci, ya zagi mai wasa, ya zagi wutar lantarki. Haka dai har la'asar, garin katako ya kai masa gwiwa, masu tuyar ƙosai suna zuwa da buhu suna kwasa suna sa masa albarka.

Da mahauci ya dawo, da hannu ɗaya aka miƙa masa kayansa. Kafinta, don ƙarfin hali, har da cewa tebur mara nauyi ake yayi yanzu. Mahauci ya ajiye katakon a ƙasa. Ya ɗora ƙashin ƙafar saniya da ya riƙo a kai, ya kai masa sara ɗaya. Ƙashi ko gezau, katako ya dare biyu. Wallahi abin da dariya, amma na tausaya wa mahaucin nan, don bishiyar ubansa ta tafi ƙarƙashin kaskon ƙosai. Shi kuwa kafinta, ranar ƙarshe ke nan da wani ɗan kasuwar ya kawo masa ko da kujerar tsuguno.

Saboda haka in an ce maka duba, to ka duba. Hausawa suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.