Azarar Manomi a Jikin Soron Attajiri

Ka ce ka ji a rediyo gwamnati ta tsaya wa bankuna, kowa ya kwantar da hankalinsa, ajiyarsa ba za ta salwanta ba. To, madalla. Ni dai na gaji da yin murna da irin wannan labari. Gyara zama ka ji wani misali.

A wata unguwa an yi wani attajiri da ya gina soro mai hawa biyu a tsakiyar gidajen talakawa. A ƙasan soron mutane ke ajiye hatsinsu, shi kuma yana ɗibar mudu ɗaya a kowane buhu, ladan ajiya. Wata damina bango ya tsage daga sama har ƙasa. Mutane suka yo caa, kowa na son fitar da buhunsa, har ana tattake juna a bakin ƙofa. Mai unguwa ya zo ya ɗaga hannu ya ce, "Kowa ya koma gida. Soron nan ba zai faɗi ba, ni na tsaya masa." Hankali ya kwanta. Kuma ya yi dabara, don da turereniyar ta ci gaba da bangon ya rufta kan jama'a. Sai dai mai unguwa ba shi da ƙasa, ba shi da itace, baki kawai gare shi. Washegari aka kira gayya. Akwai wani manomi da ɗakinsa ke jingine da soron. Shekara biyu yana tanadin azara huɗu don ya sake rufin ɗakin iyalinsa, wanda ke yoyo kamar kwando. Aka ce ya kawo a tokare bango, aro ne, da ruwa ya ɗauke za a mayar masa. Ya so ya ƙi, amma buhunsa uku na ciki, kuma in soron ya faɗi a kansa zai fara sauka. Da hannunsa ya kafa su.

Ruwa ya ɗauke, azara ba ta dawo ba, wai in an zare bango zai biyo ta. Attajiri kuwa da ya ga unguwa ta ɗauke masa kaya, sai ya daina yaɓe, ya daina share indararo, ya ƙara hawa na uku don ya karɓi ƙarin buhuna. Mudun nan ko ƙwaya bai ragu ba. Da damina ta dawo, wata rana bayan la'asar aka tafka ruwa, rufin manomi ya rufto ya karya wa matarsa ƙafa. Ya je ya roƙi mai unguwa a kira masa gayya shi ma. Mai unguwa ya tausaya masa ƙwarai, ya ce, "Ka yi haƙuri. Naka ɗakin kai kaɗai ya faɗa wa." Ya juyo gida, ya wuce azararsa huɗu suna nan riƙe da bangon wani, daga ciki yana jin ana awon mudu.

Ban ce kada a tokare soro ba, ɗana, in ya faɗi kanmu zai faɗo. Abin da ya gajiyar da ni shi ne ban taɓa ganin an tokare shi da azarar mai shi ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.