Tokar da Ta Rufe Bali

Kwana uku ke nan Kasham ba ta ɗaga ido daga talabijin ba. Dutse ya yi aman wuta a tsibirin Bali, toka ta turnuƙe sama, an rufe filin jirgi. Can mijinta Didam ya tafi taro, shi da Vivian ta ofis ɗinsu, mai turaren nan da ƙamshinsa ke biyo Didam har gida a unguwar Barnawa.

Kullum masu sa ido kan dutsen sai su ce tokar na iya kashe injin jirgi, babu mai tashi tukuna. Matan zumunta na coci suna yi masa addu'a, ita kuwa kishi ne ke cin ta. Ƙarin kwanaki a otal ɗaya da Vivian! Wayarsa ma a kashe, wai layinsa ba ya aiki a waje.

Ranar Asabar da hantsi, daidai ranar da ya ce zai dawo, sai ga keke mai ƙafa uku a ƙofar gida. Didam ya sauko da akwati, fuska fes.

Ta ruga ta rungume shi, har da hawaye. "Baban Zigwai! Ta ina kuka fito?"

"Daga Bali mana. Jiya muka taso, tafiya lafiya lau."

A hankali ta sake shi. "Tokar fa?"

Ya yi murmushi, yana miƙa mata tsaraba.

"Wace toka?"