Ƙasar Baffa

Mijinyawa ne ya tsara dokokin wasan gina ƙasashe a zaurensu na intanet. Duk shugaban da ya yi mako shiru, a raba ƙasarsa. Sai Baffa ya ɓullo da wayo: kowace Juma'a ya rubuta “Muna nan” kawai, ya ɓace.

Haƙurin Mijinyawa ya ƙare. Ya goge ƙasar, ya hau babur sai Ƙofar Dumi, don ya faɗa masa ido da ido.

Mahaifiyar Baffa ce ta fito, riƙe da wayarsa.

“Ɗana, ai Baffa ya rasu tun azumi. Yana asibiti ya roƙe ni kada in bar mutanensa su mutu.” Ta miƙo masa wayar. “Duba mini, yau ta ƙi shiga.”